An Ɗauke Wuta Kafin Ya Buga

Dala ashirin na ba Jingi a bakin ƙofa,
na sunkuya na shiga gidan kallo,
rumfar kwano a bayan kasuwar Marwa,
benci ya yi kaɗan, zufa ta yi yawa.

Fim ɗin wani ɗan ƙwallo ne da duniya ta juya wa baya.
Harshensu ba namu ba ne,
wani yaro ne a gaba yake fassara,
yana zuba gishiri inda ya ji lami:
"Ya ce wa koci, gwada ni sau ɗaya tak,
in na ba ka kunya ka sayar da takalmana."
Aka tuntsire da dariya. Ni ban yi ba.

Ni ma na taɓa samun takarda
mai hatimi, daga wata ƙungiya a Garwa:
ka zo ran Litinin mu ga hannunka a raga.
Lahadi da dare na hau babur ɗin Saliu
in je in yi sallama da kawuna,
a kan gada wata tirela mai ido ɗaya
ta sha gabanmu.
Saliu bai kai asibiti ba.
Ni na kai, na fito da ƙarfe a ƙauri,
ƙusa huɗu masu yi mini albishir da damina
tun hadari bai haɗo ba.

Shekara goma sha ɗaya ina faci a bakin titi,
ina hura iska a tayoyin masu tafiya,
safar hannuna na rataye a bango,
gizo-gizo ya yi mata mayafi.
In rediyo ya ambaci ƙwallo, in murɗe masa kunne.

Can a allo mutumin ya rame, ya miƙe,
yana gudu da asuba, gwiwa a ɗaure,
ɗansa da ya daina gaishe shi ya dawo bakin fili.
Ga wasan ƙarshe, ga minti na casa'in,
bugun daga kai sai mai tsaron gida.
Ya ajiye ƙwallo, ya ja baya taku biyar,
ya ɗaga kai sama,
sai aka ɗauke wuta.

Wani ya zagi kamfani, wani ya ce a ba shi kuɗinsa,
Jingi na jan igiyar janareta, tana tari tana ƙi.
Mai fassara ya rantse ya ci,
wani dattijo ya ce ƙarya ne, sama ya buga.
Na fito na bar su.

Na bi ta cikin mayo, rani ya shanye shi ƙaf,
rairayi mai sanyi na shiga silifa,
har na iske duwatsu biyu da yara suka bari,
ragarsu ta yamma.
Na tsaya a tsakani, na buɗe hannu.
Ba ƙwallo, ba 'yan kallo, sai farin wata,
ƙamshin soyayyen kifi, kukan jaki daga ƙetare,
da numfashina yana shiga yana fita
ba wanda ya karɓi ko dala a ƙofa.
Saliu ya fi ni fara'a, ya fi ni riƙon salla,
ban san dalilin da ya sa aka bar ni ba.
An dai bar ni,
ni kuwa ko na gode ban taɓa cewa ba.

A gida Asta ba ta yi barci ba,
'yar shekara bakwai, ƙwallon tsumma a ƙarƙashin filo.
"Baba, ya ci?"
Na ce ban gani ba.
Na sauko da safar, na kakkaɓe ta
ko kunama ta tare a ciki.
"Gobe bayan la'asar ki kira su Hamajoda,
ku same ni a mayo, ku buga da ƙarfi.
Ba na iya faɗuwa ta hagu,
amma kada ki gaya musu."